Wasiƙa daga Makka: Yadda harafin ƙ ya hana ni barci kwana uku

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'ar gida, Allah ya ƙara basira ya kuma saka da alheri. Ni mai karanta jaridarku ne ta waya daga nan Makka, shekarata goma sha ɗaya kenan a nan, kuma gaskiya ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko nace na ɗauki jawwal tunda da babban yatsa nake bugawa, shi ne wani rubutu da na gani a shafinku na kimiyya kwanakin baya inda ake ba matasa shawara su rungumi manhajojin kyauta, waɗanda kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da aka gina su da shi, yake a buɗe kowa zai iya ɗauka, ana cewa ba sai ka kashe ko sisi ba komai yana nan a intanet. Maganar gaskiya ce ban musa ba. Amma an faɗi rabi an bar rabi, kuma rabin da aka bari shi ne ya same ni a watan Sha'aban da ya wuce, shi yasa nace bari na ba da labarin ko wani zai amfana.

Ina aiki a wani ƙaramin maktab da ke hidimar masu Umara, yawanci mutanenmu ne na Najeriya da Nijar, mu tarbo su a Jidda mu kai su masauki mu haɗa musu motar Madina da sauransu. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san babbar fitinar ba ta wuce ɓacewar tsofaffi ba. Hajiya ta fito daga Harami bayan Tarawi ta ƙofar da ba ita ta shiga ba, duk gine-ginen iri ɗaya ne a idonta, ba Larabci ba Turanci, wayar ma caji ya ƙare, sai ka ji an kira ka ƙarfe biyun dare wai an tsinci wata a wajen unguwar Misfala alhali masaukinta yana unguwar Jarwal. To sai muka ce bana za mu buga wa kowa ƙaramin kati da zai rataya a wuya, da sunansa da sunan otal da lambar waya, a ƙasa kuma a rubuta da Larabci da Hausa cewa idan ka ɓata ka nuna wa askari wannan katin. Mutum ɗari uku da wani abu ne, ba za a zauna ana bugawa ɗaya bayan ɗaya ba, dole a samu manhajar da za ta ɗauki jerin sunaye ta fitar da katunan gaba ɗaya. Mai gidanmu yace ba zai biya riyal ko ɗaya ba, tunda dai ni ne "injiniyan" ofis, wanda duk ilimina na kwamfuta a shagon gyaran waya na tsince shi da kuma bidiyoyin YouTube.

Na samu wata manhaja ta kyauta wadda take yin wannan aikin daidai, ba zan faɗi sunanta ba don kar a ce na zo ɓata ta, alhali alheri ta min. Akwai Larabci a ciki akwai Turanci da Faransanci da wasu yaruka, Hausa ce babu. A bayaninta an ce idan kana son ƙara yarenka sai ka ɗauko kod ɗin ka saka fayil ɗin fassara, ka zaɓi yarukan da kake so a cusa, sannan ka haɗa manhajar da kanka. Ga waɗanda ba su sani ba, manhajar da kake saukewa ka danna ta buɗe kamar tuwo ne da aka tuƙa aka malmala aka ajiye maka a kwano. Kod kuwa dawa ce a buhu, kai za ka surfa ka wanke ka kai inji ka tankaɗe ka tuƙa, kuma idan injin unguwarku ya bambanta da na wanda ya ba ka dawar ko rariyarka ta huje to ba za ka ci tuwo ba ranar. Wannan surfe da niƙa da tuƙi shi ake cewa haɗawa ko gini, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke ajiye kayansu su gudu.

Daren farko ta tsaya tace babu kompayila na C++, wato injin da yake niƙa kod ya mayar da shi manhaja, na kwana ina sauke kaya masu nauyin giga da yawa. Da safe ta wuce nan ta tsaya a gaba tace ba ta ga wani abu wai shi distutils ba, na bincika ashe an cire shi ne daga Python, wani yaren rubuta manhaja, a sigarsa ta 3.12 wadda ta fito a Oktoban 2023, ni kuma sabo fil na saka don a tunanina sabo ya fi. Na koma 3.11 na ware masa ɗakinsa daban, wannan ma ta wuce. Na fara jin kaina har ina ce wa yaran ofis su shirya firinta.

Sai ta uku. Aiki yana tafiya rubutu yana ta gudu a baƙin allo kamar ruwan famfo, saura kaɗan a gama sai kawai jan rubutu ya cika ko'ina ta mutu. Na sake, haka. Na goge komai na sake daga farko, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, wanda shi ne maganin da muka gada, haka dai. Idan na cire Hausa na bar Larabci da Turanci sai ta haɗu lafiya lau, ina mayar da Hausa sai ta faɗi, har na fara cewa ko dai manhajar nan ba ta son mu ne. Azumi saura kwana tara, jirgin farko na dab da sauka, mai gida yana leƙowa yana cewa "halas?" ina cewa saura kaɗan. Cikin wannan zafin kan ne na je wurin da ake kai ƙorafin manhajar, na ɗauki hoton allon da wayata, a karkace ma, hasken fitila ya cinye rabin rubutun, na tura na rubuta da guntun Turancina da manyan baƙaƙe cewa abinku baya aiki a gyara da gaggawa. Ko sallama babu Malam Edita, ni da idan na shiga baƙala sayen ruwa sai na gaida mai kanti.

Washegari da daddare amsa ta zo daga mutumin da yake kula da ita. Yace ya gode da na sanar, amma ba ya iya karanta hoton, ko zan kwafo rubutun gaba ɗaya na liƙa, na gaya masa wace irin kwamfuta ce, wane Python ne, wace sigar kod ɗin na ɗauko, da kuma abin da na buga tun daga farko har ta tsaya. A ƙarshe ya ƙara da cewa shi da daddare kawai yake samun lokaci bayan ya tashi daga aiki yara sun kwanta, saboda haka na yi haƙuri idan amsa ta yi jinkiri. Wallahi a lokacin haushi na ji. Nace ji mutumin nan, ina cikin wuta yana min tambayoyi kamar a ofishin jawazat na fasfo, in ya san abinsa ai kallo ɗaya zai yi ya gane.

Da wannan haushin na je shan shayi Shara Mansur wurin wani abokina, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, garin nan da ke bakin kogi kusa da Sinnar wanda kakanninsu suka kafa bayan sun biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yi karatun kwamfuta a Khartum yana aikinsa lafiya, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro shi nan. Hausarsa tana nan daram sai dai in ransa ya ɓaci ya juye Larabcin Sudan. Na nuna masa saƙona da amsar da aka ba ni ina jiran ya taya ni zagi, ya karanta ya ajiye wayar ya kalle ni yace ya zol, kai ne mara gaskiya. Yace da ni ne shi da ko amsa ba zan ba ka ba. Yace nawa ka biya mutumin nan? Nace ko halala. Yace to da wane bakin kake ce masa da gaggawa, kafilinsa ne kai, ubangidan da ya ɗauke shi aiki?

Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda suka yi koyo a Sudan lokacin takunkumin Amurka, wanda aka saka a 1997 ba a ɗage ba sai 2017. Yace a shekarun nan akwai manyan shafukan sauke kayan masu rubuta manhaja da in ka shiga daga Sudan sai su rufe maka ƙofa, gini zai tsaya ba don kod ɗin ya lalace ba sai don laburaren da yake nema, wato guntun kod na wasu da yake dogara da shi, ya ƙi saukowa, sai dai wani ya kwafo a filas ana yawo da shi hannu da hannu a jami'a kamar littafin aro. Yace wannan wahalar ce ta koya musu karanta abin da kwamfuta take faɗa, don in ba ka karanta ba za ka kwana kana gyara inda ba ciwo. Yace ku kuma ga intanet mai gudu kamar jirgin ƙasan Haramain amma ba kwa karatu, da an ga ja sai a ɗau hoto. Har dariya ya min da na gaya masa gigogin da na sauke daren farko, yace da tun farko ka koma 3.11 da wataƙila ba ka buƙaci kompayilan ba sam, don an riga an dafa laburaren an ajiye wa tsohuwar sigar, sabuwar ce ba a dafa mata ba shi yasa aka ce ka kawo injinka.

Muka buɗe laftof ɗin a kan tabarma. Abin da ya koya min a daren nan shi ne abin da na fi so masu karatu su riƙe. Jan rubutun nan mai tsawo ba zagi ba ne, rahoto ne, kwamfutar tana gaya maka inda ta bi har ta faɗi. Kuma layin ƙarshe da muke ɗauka hoto sau da yawa ba shi ne ciwon ba, shi kawai sanarwar rasuwa ne, yana cewa wani aiki da na tura ya mutu. Sai ka hau sama ka nemo me ya kashe shi. Idan kompayila na C ne yake kuka, kuskuren farko shi ne uba, sauran ɗari biyun da suka biyo baya 'ya'yansa ne, ka gyara na farko sau da yawa duk su ɓace. Idan Python ne kuma yana jero maka hanyar da ya bi ne fayil bayan fayil, ainihin dalilin yana gindin wannan jerin. Muka hau sama kamar layi arba'in sai ga shi ɓaro-ɓaro, UnicodeEncodeError, wai ya kasa rubuta wani harafi mai lamba u0199. Abokina yace nemo wannan lambar mu gani. Na nema. Malam Edita ƙ ce. Ƙaramar ƙ mai lanƙwasa, ta cikin kalmar ƙofa da na rubuta a fassarata.

Ga yadda abin yake kamar yadda ya fahimtar da ni. Kwamfuta ba ta san harafi ba lamba ta sani, kuma a da yankuna da yawa na duniya kowanne yana da ɗan teburinsa mai gurbi 256 kacal da ake raba wa haruffa. Kwamfutocin Windows da aka saita a kan Larabci, irin na ofisoshin nan ƙasar, tsohon teburinsu shi ne wanda ake kira 1256, akwai baƙaƙen Larabci a ciki akwai na Turanci har da wasu na Faransanci, amma babu ƙ babu ɗ babu ɓ, ba a yanka musu fili ba. Daga baya aka zo da Unicode wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, da tsarin UTF-8 na ajiye su wanda aka ƙirƙiro a 1992, shi ne yanzu kusan duk intanet take kai. To shi mai manhajar a wani wuri cikin aikin haɗawa ya ce a buɗe fayil a zuba fassarori amma bai faɗi da wane tsari za a rubuta ba, shi kuma Python idan ba ka faɗa ba sai ya bi na kwamfutar da yake ciki. A wurinsa Linux yake amfani da shi, wani tsarin kwamfuta na kyauta kishiyar Windows, can UTF-8 ne, bai taɓa ganin matsala ba. A wurina sai aka ɗauko teburin Larabci, Larabci ya shige Turanci ya shige, ana zuwa kan ƙ aka rasa gurbin da za a saka ta, gini ya rushe. Ba wanda ya ƙi Hausa, ba a taɓa kawo ta ƙofar ba ne kawai. Abokina ya saka wani saiti guda, PYTHONUTF8=1, wanda yake tilasta wa Python bin UTF-8, muka sake, kafin shayin ya huce ta haɗu.

Ni a nan na so na tsaya, buƙata ta biya. Yace a'a, koma ka gaya wa mutumin, in ba haka ba gobe wani Bayarabe ko Bafulatani zai faɗa ramin nan. Muka rubuta tare. Na fara da ba shi haƙuri kan saƙon farko, na faɗi irin kwamfutar da cewa a kan Larabci take, na faɗi sigar komai, na liƙa rahoton a rubuce, na kuma yi abin da abokina ya kira rage kaya, wato na cire duk fassarar na bar layi ɗaya tak mai ƙ a ciki don ya ga ko da wannan kaɗai ma tana faɗuwa. Kwana ɗaya ya amso. Yace yanzu ya gani sarai, laifinsa ne, ya ƙara kalmomi kaɗan a layi ɗaya ya tura gyaran, ya ce na gwada ba tare da wancan saitin ba, na gwada ta yi. Sai ya ƙara wata magana da ta sa jikina ya yi sanyi. Ashe ɗan ƙasar Polan ne, yace su ma suna da wata l mai sanda a tsakiya da wasu haruffa masu jela, a sunansa ma akwai, ya sha karɓar takarda an mayar masa da harafin alamar tambaya, saboda haka ya san zafin abin. Ya roƙe ni in ba damuwa na turo fassarar Hausar a saka ta cikin manhajar gaba ɗaya don wanda zai zo bayana kar ya sha wahalar haɗawa.

Kunya ta kama ni ba kaɗan ba. Mutumin da ban sani ba, ba addininmu ɗaya ba, bai san Misfala ba bai san Hajiyar da za ta rataya katin ba, ya hana kansa barci saboda ƙ ɗina, ni kuma na shigo masa da ihu. Daga baya na buɗe takardar lasisin da ke cikin kod ɗin wadda ba wanda yake karantawa, a ciki an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba ka abin nan yadda yake, ba garanti ba alkawarin komai. Kusan duk manhajojin nan haka lasisinsu yake cewa. Wato ko amsa ɗaya ba ka binsa bashinta.

Kuma kar a ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta ladabi kawai. A watan azumin 2024, ranar 29 ga Maris, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutarsa ta nesa yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, maimakon ya share sai ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar sata a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da take cikin kusan kowace Linux. Da aka koma baya aka duba tarihi sai aka ga mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita a matsayin aikin sa kai. A 2022 wasu suka dinga matsa masa da saƙonni, kai ka cika jinkiri, ka kasa, ka ba wani, shi kuma ya faɗa musu aikin nan ba biyansa ake ba kuma yana fama da rashin lafiya. A haka wani mai amfani da sunan Jia Tan wanda ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne ya samu hannu a cikin aikin, shi ne ya dasa abin a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, kuma a ina ya ɓoye shi? A cikin matakin haɗawa, wurin nan da ba mai son dubawa. Allah ya sa an kama kafin ya bazu. Da na karanta irin saƙonnin matsin da aka dinga tura wa mutumin sai na ga ai da kaɗan suka fi nawa. Kafin nan ma a 2014 da aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a OpenSSL, wanda bankuna da manyan kamfanoni suke dogara da shi wurin tsare sirri, sai duniya ta farga mutane 'yan ƙalilan ne suke riƙe da shi kuma gudummawar da ake ba su a shekara ba ta wuce wajen dala 2,000 ba.

Mu da muke zaune a garin nan ya kamata mu fi kowa gane wannan. Duk wanda ya je Arfa zai ga ragowar magudanar Ainu Zubaida, ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai da dukiyarta fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ba ginawar kaɗai ta sa ya daɗe ba, duk bayan wani zamani sai ya toshe sai an samu masu yashewa. Ga sabil ko'ina, mutum ya ajiye firij ɗin ruwa a ƙofar gidansa don Allah, in ka zo ka tarar ya ƙare ba za ka buga masa ƙofa kana masifa ba, iyaka ka sanar da shi cikin mutunci ko in kana da hali ka kawo katan ɗaya ka zuba. Amma da zarar abu ya zama na intanet sai mu manta akwai mutum a bayansa. Wayar Android da ke hannun kowannenmu a kan Linux take zaune, wanda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991 dubban mutane suka taru a kai, aikin gayya ne sak, sai dai mu kullum a layin cin tuwon gayya ake ganinmu ba a layin noma ba. Ina cikin wasu guruf na matasanmu masu koyon kod, na Kano da na nan, abin da nake gani kullum shi ne hoton allo da "pls wa zai taimaka", in an tambaye shi me ka buga sai yace komai na yi, in Allah ya sa wani ya warware masa sai ya ɓace ko na gode babu balle ya faɗi abin da ya yi aiki, wani ma sai ya dawo ya rubuta "na gyara" kawai ya tafi, wanda zai zo da irin matsalar bayan wata shida ya tarar da kabari ba suna. Ni ma haka nake ai, ba wai na fi su ba ne.

Ban ce duk masu kula da manhajojin nan waliyyai ba ne. Akwai masu girman kai, akwai wanda zai rufe ƙorafinka ba tare da ya karanta ba, akwai wanda in ya ga Turancinka ya karye sai ya raina ka, kuma wannan na Turancin yana hana da yawa daga cikin yaranmu na nan magana, waɗanda aka haifa a Makka da Jidda suka yi karatu da Larabci, kansu yana ja amma suna jin nauyin rubutu. Abin da zan ce musu shi ne rahoton kwamfutar shi ne kashi tara cikin goma na maganar, shi kuma ba yarenka ba ne ba yarensa ba ne, kwafa kawai za ka yi. Ka duba tukuna ko wani ya riga ka kawo irin ƙorafin, ka faɗi me ka so ya faru me kuma ya faru, ka goge lambar sirri ko sunan mutane in akwai a ciki, sauran ko da fassarar inji ce za a gane. Masu tambayar manhajojin hira na zamani kuma ba laifi ni ma ina yi, amma su ma in ka ba su hoton da ya karkace shaci-faɗi za su maka, kuma ko sun warware maka a kwamfutarka ba su gyara wa na bayanka ba.

Ku kanku 'yan jarida Malam Edita kun fi ni sanin wahalar haruffan nan, mun sha ganin kanun labari da akwati a tsakiyar kalma ko an cire lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. A katinmu da na cire lanƙwasa don na huta da an rubuta wa Hajiya "idan kin bata", ta tsaya tana tambaya a ba wa. Ba wani ɗan Polan ko ɗan Jamus da zai tashi da safe ya gwada ƙ a manhajarsa in ba mu muka kai masa ba. Shi yasa nake roƙo in da hali shafin kimiyyar nan ya dinga ware ɗan gurbi ana koya wa yara yadda ake karanta rahoton kuskure da yadda ake kai ƙorafi da yadda ake tura fassara, ba sunayen manhajoji goma da za a sauke kyauta kawai ba.

Katunan dai an buga su, kwana biyu kafin jirgin farko, kuma bana sau huɗu kawai aka kira ni cikin dare maimakon kusan kullum. Fassarar ma na tura, saura abu ɗaya da ya tsayar da mu. Mutumin ya lura a wani wuri na rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama kamar yadda muke yi a Najeriya, abokin aikina ɗan Maraɗi da ya duba min kuma ya mayar da ita ƴ irin ta Nijar, shi ne yake tambaya wanne ne daidai, ko a raba fayil biyu kowace ƙasa da nata. Nace masa ya ba ni mako ɗaya na tambayi manya. Alhazanmu rabi da rabi ne, kuma ni dai ba na son na ɗora wa bawan Allahn nan fayil biyu ya dinga kula da su saboda harafi ɗaya. In akwai malaman Hausa cikin masu karatu don Allah a ba ni shawara ta hannun Edita kafin Juma'a mai zuwa.

Naku,
Abu Khadija, daga Makka